Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Binciken Kimiyya na Ƙasa

A makon jiya wata ɗalibar digiri na biyu ta taso tun daga Agege ta same ni da jadawali a wayarta, ta ce, "Malam, ashe likitocin Nijeriya sun yi wa masana lissafi fintinkau." Hujjarta ita ce yawan ambato, wato sau nawa wasu masana suka kafa hujja da maƙalun kowane fanni. Wannan kuskure ne da nake yawan cin karo da shi a nan Legas, kuma ba ɗalibai kaɗai ke afka masa ba.

Kowane fanni da al'adarsa. Maƙalar likitanci takan jero manazarta da yawa, ambato kuma ya zo mata da wuri, alhali ta lissafi takan shafe shekaru kafin a waiwaye ta. Gyaran shi ne a gwada kowace maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya da shekara ɗaya, kamar yadda ma'aunin da ke cikin Scopus, rumbun da ke tattara maƙalun bincike da ambatonsu, yake yi: 1.0 daidai yake da matsakaicin duniya, 1.5 kuwa ya ɗara shi da rabi.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ƙirga aikin haɗin gwiwa. A 2015 an buga wata maƙalar fiziks mai marubuta 5,154 kan ƙanƙanuwar ƙwayar da ake kira Higgs. Idan aka bai wa kowace ƙasa da sunanta ya fito cikakken maki, ƙasar da ta bayar da mutum ɗaya za ta yi kunnen doki da wadda ta ɗauki nauyin aikin. Irin waɗannan manyan maƙalu, musamman na kiwon lafiya, 'yan kaɗan daga cikinsu sun isa su kumbura matsakaicin ƙasa baki ɗaya. Saboda haka a raba makin gwargwadon kason marubutan kowace ƙasa, a ajiye shi kusa da ƙirgen farko, mai karatu ya ga tazarar da idonsa.

Akwai kuma masu ɗaukar Scopus ko Web of Science tamkar su ne duniyar ilimi gaba ɗaya. Rumbunan nan sun fi karkata ga mujallun Ingilishi, kuma mujallunmu da dama, har da wasu da ke AJOL, dandalin mujallun Afirka a intanet, ba su shiga ba. Wajibi ne rahoto ya faɗi rumbun da ya dogara da shi da ranar da aka ɗebo alƙaluman.

Ma'aunin h, mai haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, domin mutum ɗaya aka yi shi. In an ɗora wa ƙasa, babba ce kullum za ta rinjaya. Gara a raba yawan maƙalu da adadin masu bincike ko kuɗin da aka kashe.

Ɗalibar dai na ce ta koma ta ware fannonin, ta cire maƙalun bana da na bara waɗanda ambato bai gama isa gare su ba, sannan ta dawo mu sake dubawa.