Yadda na kawar da layukan da ke ɓata hoton na'urar sikanin

Na'urar sikanin ta wani ƙaramin asibiti ta riƙa nuna fararen layuka masu gilmawa a kan allo, har ma'aikaciyar da ke auna masu juna biyu ta kasa ganin kan jariri da kyau. An yi zaton kan na'urar da ake ɗorawa a ciki ne ya lalace, amma da na cire ta daga soket na bar ta a kan batirinta, sai layukan suka ɓace, wanda ya nuna cewa ta hanyar wutar lantarki matsalar take shigowa.

Na'urar tana aika sauti cikin jiki ne ta haɗa hoto daga amsa-kuwwarsa. Amsa-kuwwar da ke dawowa daga jikin mutum tana da rauni ƙwarai, kuma sikanin ciki yana aiki ne a wajen megahaz 3.5, wato kaɗawar sauti sau miliyan uku da rabi a daƙiƙa ɗaya, saboda haka hayaniyar lantarki da inbata ko cajar waya ke fitarwa tana iya shiga ta gauraye da ita. Na bi kayan ɗakin ina kashewa ɗaya bayan ɗaya har na gano inbatar sola ce, ga kuma wayar da ake binnewa a ƙasa ta yi tsatsa ta rabu da sandarta.

Na sabunta wayar ƙasan, na ware wa na'urar layinta, na sanya matatar hayaniya da zoben ferait (zobe mai rage hayaniyar lantarki) a kan wayar wuta, sannan na nisanta inbatar daga ɗakin. Na kuma roƙi ma'aikata su riƙa nisanta wayoyin hannu aƙalla santimita 30 daga na'urar, kamar yadda ƙa'idar duniya ta na'urorin asibiti, IEC 60601-1-2 ta 2014, ta tanada. Tun daga lokacin hoton yana fita tas.