Kurakuran da muke yi da gahawar Saudiyya

Da yawa cikin 'yan uwanmu da ke sauka Jidda ko Makka, kurɓar farko suke yanke wa gahawa hukunci, wai ruwan ɗaci ne salam. Da harshen mai shayi suke zuwa, shi ya sa. Ita ba a sa mata sukari, ƙamshinta ake bi. Ka kai finjalin kusa da hanci tukuna, ka gutsuri dabino, Sukkari na Ƙasim ko Ajwa na Madina, sannan ka bi shi da 'yar kurɓa.

Babbar ɓarnar dai a kicin take. Wasu kan sayo baƙin gari irin na Turkiyya, alhali ta nan sama-sama ake gasa ta, shi ya sa take fitowa ruwan ɗorawa. A shago ki ce ta Saudiyya kike so, tun 2022 sunan da hukuma ta ba ta ke nan. In kin dace da Khaulani na duwatsun Jazan, madalla. Harari na Habasha ma ba laifi.

Sai hel, wato 'ya'yan ƙamshin da Turawa ke kira cardamom, inda uwargida ta fi zamewa. A zuba shi tun farko, a bar shi yana ta tafarfasa har ƙamshin ya bi tururi, ɗacin ya zauna. A'a. Ki dafa garin shi kaɗai a wuta kaɗan, minti 10 zuwa 15, ki sauke ya kwanta, sannan ki tace a kan hel ɗin da kika riga kika zuba a dalla, wato butar gahawa. Ki daka hel ɗin ranar, ba na robar da ta shekara a kanta ba. Za'afaran 'yan silili sun isa. Kanumfari kuwa, mu da hannunmu ya saba da yajin kunu, mu yi hattara: ya wuce ƙwaya biyu, ya danne komai.

A gida cika wa baƙo kofi karamci ne. Nan kuwa cika finjali tamkar ka ce masa sha ka tashi. Kashi ɗaya cikin uku ake zubawa, ya sha da zafinta a ƙara masa. Dalla a hagu, finjali a dama, a fara da babba.

Kai kuma baƙo, in ta ishe ka, girgiza finjalin kaɗan lokacin miƙawa. Ka miƙa shi haka kawai, mai gida zai sake zubo maka.