Kafin ka zargi rediyon, duba wayoyin: kurakuran gwajin siriyal

Yawancin modul ɗin rediyon da ake cewa ya mutu lafiyarsa ƙalau. Saƙon ne bai isa gare shi ba, ya maƙale tun a 'yan wayoyin da ke tsakaninsa da maikrokantirola, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi. A tabbatar da wannan gajeriyar hanya tukuna, kafin a shiga maganar eriya da nisa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa TX da TX, RX da RX. TX baki ne, RX kunne, don haka bakin wannan zai tafi kunnen wancan. A haɗa GND (negetib na wuta) na ɓangarorin biyu kuma, ko da kowanne da batirinsa.

Idan baƙaƙe marasa ma'ana na fitowa, wannan labari ne mai daɗi: waya na aiki, saurin bod, wato saurin aika bayanai, ne bai dace ba. Cikin modul ɗin rediyo, HC-12 na zuwa a 9600, ESP8266 galibi a 115200. HC-05 ne ya fi ruɗa mutane, domin yana aika bayanai a 9600, amma idan aka kunna shi riƙe da maɓallinsa don ba shi umarnin AT (umarnin da ake saita modul da shi), sai ya koma 38400, fitilarsa na ƙyafta a hankali. Shi kuma ba ya amsawa sai an zaɓi "Both NL & CR" a Serial Monitor, tagar rubuta saƙo a manhajar Arduino ta kwamfuta. HC-12 kuwa sai an kai fil ɗin SET zuwa GND. In ba haka ba, "AT" ɗin da ka rubuta zai watsa shi a iska kamar kowane saƙo, kai kana zaune kana jiran "OK".

Matsalar wuta ta fi ba ni takaici, saboda ɓoyewa take yi. Allon maikrokantirola na Arduino Uno na magana da volt 5, ESP8266 da HC-05 kuwa 3.3 suke so a RX. Razista biyu sun isa: 1k daga TX na Uno zuwa RX na modul, 2k daga nan zuwa GND. Sannan fil ɗin 3.3 na Uno kimanin miliamfa 50 yake bayarwa, alhali ESP8266 na jan ninkin wannan sau da yawa lokacin watsawa. Sai ka ga ya amsa "OK" lafiya, da ya fara aikawa ya sake tashi daga farko. Ba laifin manhajarka ba ne. Ba shi wuta tasa daban, ka sa kafasita dab da ƙafafunsa.

Fil 0 da 1 na Uno na USB ne ma, shi ya sa loda manhaja ke ƙi idan modul na kansu. SoftwareSerial, manhajar da ke mayar da wasu fil na siriyal, mafita ce, amma tana zubar da haruffa a 115200, gara a sauke modul ɗin zuwa 9600.

Abin da na fi ba da shawara shi ne gwaji mataki-mataki. Cire modul, haɗa TX da RX na adaftar USB da 'yar waya ɗaya, ka rubuta wani abu. Idan ya dawo, adafta da kwamfuta lafiya. Sai ka jona modul da adaftar kai tsaye har ya ce "OK", sannan maikrokantirola ya shigo. Modul na biyu shi ne na ƙarshe: tasha ɗaya, saiti ɗaya, da tazarar mita ɗaya ko biyu tsakaninsu, domin manna su kusa na iya dagula saƙon.