Darasi na 7: Alamar Ciwo

Idan mutum ya ce kansa na sara, ko jikinsa ya yi zafi, ko cikinsa na murɗawa, alamar ciwo yake faɗa. Kalmar alama daga Larabci muka aro ta. Likitoci kuwa da Turanci suna cewa simtom, kalma ce ta Girkanci mai nufin abin da ya afka wa mutum. Marar lafiya ne ke jin sa a jikinsa, ba mai sani sai ya faɗa.

Mu ɗauki zazzaɓi. A gida, da an taɓa goshin yaro an ji zafi rau, sai a ce maleriya ce, a aika kemis. Alhali cututtuka da dama ke zuwa da zazzaɓi: maleriya, taifot, ƙyanda, sanƙarau, kuma kowacce da yadda ake kula da ita. A asibiti ana huda yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko maleriya ce. In zazzaɓin ya zo da sanƙarewar wuya, musamman da bazara, ko yaro ya fara jijjiga, ko ya ƙi nono, kada a jira gari ya waye.

Karanta wannan hira tsakanin malamar asibiti da wani dattijo marar lafiya:

"Sannu Baba. Me ke damunka?"

"Ba ni da lafiya ne, 'yata."

"Ina ke ciwo, kuma tun yaushe?"

"Tari ne, ya kai mako uku. Da dare gumi nake yi sharkaf, ga wandona ma ya yi mini yawa."

Amsar farko ba ta ba malamar asibiti komai ba. Ta biyun ce za ta sa ta nemi majinarsa a gwada, domin tarin da ya kai mako 2 ana zargin tarin fuka ne. A Najeriya maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, ana shan sa wata 6. Masu ɓoye wa likita wani abu saboda kunya, kansu suke cuta.

Wata cutar kuma shiru take yi. Mai hawan jini kan yi shekaru garau yana noma, sai an ɗaura masa abin awo a damtse a gane.

Aiki: Rubuta alamomi uku da kake ji idan mura ta kama ka. Sannan kai da abokin zamanka, ɗaya ya zama likita, ɗaya marar lafiya.