In inji yana yankewa a babban totur

Jama'a, in motar tsere tana tafiya lafiya a ƙaramin totur, amma da inji ya haura juyi 6000 a minti sai ta fara tari, kar a yi saurin taɓa kwamfutarta. A fara da fulogi. In an sa turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, matsi a silinda ya ƙaru, wuta ba ta iya tsallake gibi mai faɗi a bakin fulogi. A matse shi zuwa kusan milimita 0.6, a gwada. Koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, in ya yi rauni shi ma yana sa inji tari.

In bai daina ba, a auna matsin man fetur ana cikin gudu, ba a tsaye ba. In ya faɗi, a duba famfon mai da matacin mai, kuma a ɗaga ƙafa daga totur, don ƙarancin mai yana narka fistin.

In kullum a juyi ɗaya yake yankewa, a duba sifirin ɗin bawul, musamman in an canza kam, wato sandar da ke buɗe bawul.