Kafin ka sayi ƙarin gem: kurakuran da ke cinye kuɗin 'yan wasa

A shekarar 2006 kamfanin Bethesda ya fitar da sulken doki na sayarwa a cikin gem ɗin Oblivion, a kan dala 2.50. 'Yan gem suka yi ta dariya da habaici, wai ashe har doki ma sai an saya masa tufafi. Yau kuwa yaro zai zuba kuɗin da ya ninka wannan sau da yawa don rigar da zai sanya wa ɗan wasansa a waya, kuma babu mai ɗaga kai ya dube shi. Ƙarin da ake saya bayan an mallaki gem, wanda 'yan wasa ke kira DLC, ya zama ruwan dare. Wani ya cancanci kuɗinsa har da ƙari, wani kuwa asara ce tsagwaronta, kuma sau da yawa laifin yadda aka saye shi ne.

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne auna farashi da idon Bature. Mai sharhi a YouTube zai ce maka dala 40 ba komai ba ce idan aka dubi girman Shadow of the Erdtree, ƙarin Elden Ring da ya fito a Yunin 2024. Gaskiyarsa ce, a ƙasarsu. A shekarar da ya fito dala ta haura naira 1,500, wato kuɗin ya kai wajen naira 60,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a wannan shekarar naira 70,000 ne. Kuma lissafin bai ƙare a nan ba. Mai sayar maka da katin kuɗin shagon intanet, inda ake sayen ƙarin, zai ɗora ribarsa, ga data, domin kafin ƙarin ya hau sai an sabunta gem ɗin kansa, gigabait masu yawa. Haɗa ukun duka ka rubuta da naira, sannan ka tambayi kanka awa nawa za ka zauna a kansa. In amsar ta yi maka daɗi, bismillah.

Na biyun ya fi ciwo, domin kuɗin ya tafi kuma ko leƙa abin ba ka yi ba. Ina nufin saɓanin yanki a PlayStation. Faifan gem na kowace ƙasa zai yi aiki a kowace na'ura, wannan ne ke yaudarar mutane. Amma ƙarin ba haka yake ba: dole yankin da ka saye shi ya dace da yankin faifan. Tunda Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da nasu shagon PlayStation, kowa akawun ɗin Amurka ko na Ingila yake buɗewa, faifan kuma daga inda Allah ya nufa yake zuwa, wani daga Amurka, wani daga Turai, wani daga Dubai. Wani ƙanena ya taɓa tara kuɗi wata biyu ya sayi ƙarin wani gem ɗin faɗa da akawun ɗin Amurka, alhali faifansa na Turai ne. Ya sauke komai, na'ura ta ce an kammala, ya shiga gem bai ga ko ƙura ba. Har yau in aka tuna masa sai ya ɓata rai.

Maganin ba wuya. Dubi tambarin shekarun da ke jikin kwalin: in ka ga ESRB, na yankin Amurka ne, in ka ga PEGI, na Turai ne. In kana son tabbaci, akwai lamba a gefen kwalin PS4 da ke farawa da CUSA, a na PS5 kuma PPSA. Bincika lambar a intanet ka ga yankinta, sannan ka sayi ƙarin da akawun ɗin wannan yankin. Katin kuɗin ma haka yake, na dala ba ya shiga akawun ɗin Ingila. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne, oga" daga bakin mai shago. Shi dai ya sayar.

Sai sayen abin da ba ka isa wurinsa ba. Ba a shiga Shadow of the Erdtree sai an kayar da dodanni biyu na cikin Elden Ring, Radahn da kuma Mohg, kuma Mohg yana can nesa, a wurin da mutane da yawa ba su taɓa takawa ba. Wanda har yanzu dodon farko ke casa shi ya biya kuɗin ɗakin da ba shi da makullinsa. Phantom Liberty, ƙarin Cyberpunk 2077 na 2023, bai fito a PS4 ba sam, sai PS5 da sabuwar Xbox da kwamfuta, ko da yake ainihin gem ɗin yana PS4. Karanta sharuɗɗan da ke ƙasan shafin sayarwa, minti ɗaya ne. Ƙa'idar da na sa wa kaina: ba na sayen ƙarin gem ɗin da ban gama ba. In ban cinye tuwon da ke gabana ba, me ya kai ni neman ƙari?

Gaggawa ma tana da tsada. The Witcher 3 ya fito a 2015, ƙarinsa biyu suka biyo baya, Hearts of Stone a kan dala 10, Blood and Wine a kan dala 20. A ganina har yau su ne ma'aunin da ake auna sauran da shi. Blood and Wine sabuwar ƙasa ce sukutum da labarinta, har ta lashe kambun gwarzon gem na irinsa a bikin The Game Awards na 2016, tana gogayya da cikakkun gem. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Duk da haka, a cikin 2016 ɗin aka haɗa gem ɗin da ƙarinsa duka a kwali ɗaya, kuma tun daga lokacin ake ta karya farashinsa. Mortal Kombat 11 ma haka: ya fito a 2019, zuwa ƙarshen 2020 ga Ultimate ɗauke da ƙarin labarin da duk 'yan faɗan da aka riƙa sayarwa daban. Don haka kafin ka saya ɗai-ɗai, duba ko akwai cikakken bugu, kuma ka jira rangwamen tsakiyar shekara ko na Nuwamba da Disamba. Mai gidan gem ne kaɗai zan yi wa uzuri. Shi jari ne yake zubawa, in yara suna tambayar wani ɗan faɗa kuma gidan maƙwabcinsa na da shi, jira asara ce.

Akwai kuma biyan kuɗin ƙarin da ba a ma ƙera ba tukuna, wanda ake haɗawa a ce na kaka guda ne. Cinikin biri a sama ke nan. Bari ya fito, ka kalli yadda wasu ke buga shi.

Yanzu ga inda kuɗin jama'a ya fi nutsewa, kuma yawancin masu yi ba sa ma ɗaukarsa a matsayin sayayya. Ina nufin kuɗin cikin gem: daimon na Free Fire, UC na PUBG Mobile, CP na Call of Duty Mobile, maki na Ultimate Team a FC, wanda muka saba kira FIFA. Dubu biyu yau, dubu uku jibi, a wata shida an wuce kuɗin Blood and Wine nesa ba kusa ba. Kula da yadda ake sayar da kuɗin gem ɗin: abin da kake so ba kasafai yake dacewa da ƙunshin da ake sayarwa ba, sai ragowa ta saura, ragowar kuma ita ce ke jawo ka ka sake saya. Mafi muni shi ne akwatin sa'a, ka biya ba ka san me zai fito ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan caca ce, har kamfanin EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar a farkon 2019. Ni ma ban ga da me ya bambanta da caca ba, kuma mun san matsayinta a wajenmu. Tun daga FIFA 19 ana nuna yiwuwar samun kowane irin ɗan wasa kafin a buɗe ƙunshi. Duba wannan lambar kafin ka danna. Ka kuma tuna cewa 'yan wasan da ka tara ba sa bin ka zuwa bugun baɗi, daga sifili za ka faro. In dole ne ka kashe wani abu, sayi abin da kake gani da idonka, ka yanke wa kanka adadi a wata. Tikitin kaka irin su Royale Pass na PUBG Mobile yana da amfani ne kawai ga mai wasa kusan kullum, domin lokacinsa na ƙarewa da kyaututtukan da ba ka kai gare su ba. Mai fama da wutar NEPA da jarrabawa a gaba ya yi tunani.

Wani abin da ake mantawa: izinin amfani ka saya, ba kaya ba. Ubisoft ya kashe The Crew a ƙarshen Maris na 2024, gem ɗin da ƙarinsa duka suka daina aiki. Bungie ya cire Curse of Osiris da Warmind daga Destiny 2 a 2020, abubuwan da mutane suka biya. Duk gem ɗin da ba ya tashi sai da intanet, ƙarinsa yana da wa'adi ko ba a faɗa maka ba. Haka ƙarin yana manne da akawun, ba da na'ura ba. Wanda ya sayi PS4 na hannu saboda "cike take da gem" zai iya wayar gari ya ga kwaɗo a jikin kowanne, ranar da mai akawun ɗin ya janye abinsa.

In ka riga ka yi kuskuren, kada ka yi saurin saukewa. A PlayStation kana da kwana 14 ka nemi a mayar maka da kuɗi, matuƙar ba ka fara sauke abin ba. Steam, shagon gem na kwamfuta, ya fi sassauci: kwana 14, in ba ka buga gem ɗin awa biyu ba tun bayan sayen ƙarin. Kuma in akwai yara a gida, sa kalmar sirri a kan kowace sayayya, ka cire katinka daga wayar da suke taɓawa. A 2022 sai da hukumomin Amurka suka sa kamfanin Epic, mai Fortnite, ya ware dala miliyan 245 don mayar wa mutanen da aka cire wa kuɗi kan sayayyar da ba su yi niyya ba, ciki har da wadda yara suka yi ba da sanin iyaye ba.