Yadda na raba siton abinci da danshi a gidanmu na Jos

Lokacin da muke gina gidanmu a Jos, ni ne na nace a jera kicin da sito da ɗakin wanki wuri guda, don a rage wa uwargida zirga-zirga. Tsarin ya yi kyau a takarda, amma da damina ta kankama a watan Agusta sai shinkafa ta fara warin fumfuna, garin masara ya dunƙule, dankalin turawa kuma ya tsiro.

Da farko rufin kwano na zarga, kafinta ya hau ya duba bai ga yoyo ba. Mai gyaran famfo ne ya gano cewa bututun da ke fitar da ruwan injin wanki ya bi ta cikin bangon da ya raba sito da ɗakin wanki, kuma mahaɗinsa ya tsage. Ga shi siton ba shi da taga, Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyinta ba ya barin bango ya bushe da wuri.

Muka fasa bangon, muka mayar da bututun ta waje, muka bar wurin ya sha iska mako biyu kafin a yi sabon filasta. Magini ya huda ƙananan tagogi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, aka sa musu raga saboda ɓeraye. Buhuna yanzu suna kan katako, ba sa taɓa ƙasa ko bango. Igiyar shanya kuwa, wadda na yi kuskuren ɗaurawa a ciki, ta koma ƙarƙashin rumfa a bayan gida.